Waiwaye: Yadda yarjejeniyar talabijin ke zaɓa wa ɗan dambe abokin karawa

Masu kwana a gidajen kallo na Nyanya, Kubwa da Mararaba saboda damben Las Vegas, wanda ba ya isowa nan sai wajen asuba, sun san wannan takaici. An biya kuɗin shiga, an ƙona mai a janareta, an hana ido barci, sai zakara ya fito ya kwantar da wani da ba a taɓa jin sunansa ba tun a turmi na biyu. Da gari ya waye sai a yanke hukunci a teburin mai shayi: ai wane tsoron wane yake ji. Wani lokaci akwai tsoron. Amma sau da yawa abin da ya raba gwanayen biyu takarda ce da uban gidan kowannensu ya sa wa hannu da wani gidan talabijin.

Abin ya samo asali tun shekarun 1950 a Amurka. A lokacin kamfanin reza na Gillette ne ke ɗaukar nauyin damben daren Juma'a a tashar NBC, kuma wani kamfani mai suna IBC, ƙarƙashin attajiri James Norris, shi ne ke riƙe da manyan filaye da kwantiragin tashoshi. Wanda bai bi ta hannunsu ba, ba zai ga kyamara ba. A bayan fage akwai Frankie Carbo, ɗan gungun masu aikata laifi da daga baya aka ɗaure. Kotun ƙolin Amurka ta tabbatar da hukuncin rushe IBC a 1959, sai dai kafin nan ɓarna ta riga ta auku: mutane sun koma kallon dambe kyauta a ɗaki, ƙananan gidajen dambe na unguwanni, inda matasa ke goge hannu, sun yi ta rufewa.

Ga yadda cinikin yake tafiya har yau. Tasha takan ba mai shirya dambe adadin darare a shekara, ta ware wa kowane dare kuɗinsa. Daga ciki zai biya 'yan damben biyu, abin da ya rage nasa ne. Ke nan duk lokacin da ya samo abokin karawa mai arha, aljihunsa ya ƙaru. Sannan babban jarinsa shi ne zakaran da ba a taɓa bugewa ba, domin da sunansa zai je sabunta kwantiragi. Wane ɗan kasuwa ne zai kai jarinsa bakin wuta alhali kuɗin daren ya riga ya shigo? A 1977 ma an kai ga cusa nasarorin bogi a tarihin wasu 'yan dambe domin su shiga gasar da Don King ya shirya wa tashar ABC, har tashar ta soke gasar.

Zamanin tashoshin HBO da Showtime na Amurka shi ya fi bayyana fuskoki biyu na lamarin. HBO ta fara nuna dambe a 1973 da karawar Foreman da Frazier a Jamaika, Showtime ta biyo baya a 1986. Inda HBO ta tsaya kai da fata cewa karawa take saye, ba suna ba, an ga abin kirki. Arturo Gatti da Micky Ward sun kara sau uku a 2002 da 2003, dukansu sun sha kaye a baya, babu kambun duniya a tsakani, amma har gobe ana neman faifan. Inda kuwa ta ɗaure kanta da tauraro ɗaya na tsawon shekaru, sai ga Roy Jones, gwanin da babu kamarsa a lokacin, yana dukan wani ɗan sandan New York mai suna Richard Frazier a 1999, aka tsayar da wasan a turmi na biyu. Tasha ɗaya ce, kuɗi iri ɗaya, sharaɗin takarda ne ya bambanta.

Mafi ciwo shi ne katangar da ke tsakanin tashoshi. Lennox Lewis na HBO ne, Mike Tyson na Showtime. Sai a Yunin 2002 tashoshin suka yarda su haɗa hannu, lokacin Tyson yana da shekara 35, ƙarfinsa ya riga ya tafi, Lewis ya buge shi a turmi na takwas. Floyd Mayweather da Manny Pacquiao duniya ta so su haɗu tun 2010. Rigimar gwajin ƙwaya ce ta fara wargaza maganar, sannan a 2013 Mayweather ya koma Showtime, Pacquiao yana HBO ƙarƙashin mai shirya dambe Bob Arum. Da aka yi karawar a ranar 2 ga Mayu, 2015, ɗaya yana da shekara 38, ɗayan 36. Gidaje kusan miliyan 4.6 suka biya suka kalla a Amurka, kuɗin ya haura dala miliyan 400, wasan kuma bai kai rabin abin da aka yi tsammani ba. Darasin da 'yan kasuwar suka ɗauka, a ganina, shi ne mafi muni: jinkiri yana ƙara farashi.

Ba zan ɗora wa talabijin laifin duka ba. Hukumomi huɗu ne ke raba kambu, WBA, WBC, IBF da WBO, kowace da ɗan damben da take tilasta wa zakaranta ya kara da shi, ga kuma gardamar wa zai ɗauki kaso mafi tsoka. Amma waɗannan ana iya sasanta su a zama ɗaya. Kwantiragin tasha shi ne ke buƙatar lauyoyin kamfanoni biyu su amince kan wanda zai nuna, wanda zai yi sharhi, da yadda za a raba kuɗi.

A 2018 HBO ta bar dambe bayan shekara 45, kuma a shekarar ce kasuwa ta rabu gida uku. A cikin masu shirya dambe, Eddie Hearn ya ƙulla da manhajar DAZN kan dala biliyan 1 na shekara takwas, Arum yana ESPN, Al Haymon yana Fox da Showtime. Mu a nan mun ji a jikinmu, domin namu ne a ciki. Anthony Joshua, wanda tushensa Sagamu ne a jihar Ogun, yana riƙe da kambu uku na ajin masu nauyi, Deontay Wilder yana da na huɗun, babu wanda aka taɓa bugewa a cikinsu. Wannan ita ce karawar da kowane gidan kallo a Abuja zai cika maƙil dominta. Aka yi ta ja-in-ja har Andy Ruiz ya buge Joshua a 2019, Tyson Fury ya buge Wilder a 2020, damar ta wuce. Haka Terence Crawford da Errol Spence: sai da Crawford ya bar kamfanin Arum sannan suka haɗu a Yulin 2023. A ƙarshen shekarar Showtime ma ta rufe shagonta na dambe.

Kuɗin Saudiyya ne ya tsallake katangar. Wani jami'in ƙasar mai suna Turki Alalshikh ya zo yana biyan karawa ɗaiɗai, kuma shi ke faɗin wa zai kara da wa. Hearn da takwaransa Frank Warren, da suka yi shekara da shekaru ba sa ga maciji, suka zauna teburi ɗaya. A ranar 18 ga Mayu, 2024, Oleksandr Usyk ya yi nasara kan Fury a Riyadh, aka samu zakara guda na ajin masu nauyi karon farko tun Lewis a 1999, kuma da dare muka kalla, ba da asuba ba. Sai dai aljihun nan ɗaya shi ya sa Francis Ngannou, wanda bai taɓa damben boksin na ƙwararru ba, a gaban Fury. Netflix kuwa ta nuna Tyson ɗan shekara 58 yana karawa da tauraron YouTube Jake Paul a Nuwamban 2024, domin abin da take nema yawan ido ne.

Abin da ya sa na damu shi ne kyamara ta iso gida. Tun 2014 ake shirya GOtv Boxing Night a Legas, kuma damben gargajiya yana tara miliyoyin masu kallo a YouTube. Wanda ya je gidan dambe a Dei-Dei ya san abin da ke riƙe da wasan: makaɗi ya kira ɗan dambe da takensa, ya fito ya yi kirari, ya nemi ɗan wani ɓangare, na Kudu ne, Arewa ko Guramada, a gaban jama'a. Idan ya noƙe kowa ya gani. Ranar da wani kamfani ya saye manyan 'yan Kudu, wani ya saye na Arewa, kowa da tasharsa, sa zare tsakanin 'yan dambe zai koma hannun lauyoyi. Don haka duk shugaban ɓangare ko mai gidan damben da aka kawo wa takarda, ya nemi a karanta masa sakin layin da ya hana yaronsa fitowa a wata tashar, ya kuma tambayi shekara nawa hanin zai ɗauka kafin ya sa hannu.