Ƙyauren tsohuwar kyamarar fim ya cije: tambayoyi da amsoshi

Mene ne ƙyauren kyamara, kuma me ke sa ya cije?

Shi ne abin da ke buɗewa ya rufe domin haske ya faɗa kan fim na ɗan lokacin da aka zaɓa, daga sakan ɗaya har kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Iri biyu ne. Akwai mai labule, wanda ke can baya dab da fim, labule biyu ne ɗaya na bin ɗaya, kamar a Leica M3 ta 1954 da Pentax K1000 ta 1976. Akwai kuma mai siraran ganyayen ƙarfe da ke zaune cikin idon kyamara, irin su Compur da Copal, waɗanda ake samu a Rolleiflex da Canonet.

Duk wanda ka ɗauka, aikinsa irin na agogon da ake wa wani ne: sifirin, ƙananan haƙoran giya, da ɗan maiko. Idan ka ja hannun naɗe fim ka ɗana shi, idan ka danna maɓalli ka sake shi. Kowane mataki sai ya kammala kafin na gaba ya samu hanya. Giris ɗin da aka sa shekara arba'in ko hamsin da suka wuce ya bushe ya zama kamar ƙaro, sai wani ɗan ƙarfe ya kasa komawa mazauninsa, komai ya tsaya a tsakiya. Yawancin kyamarorin da ake cewa sun mutu, wannan ne kawai ciwonsu. Babu abin da ya karye a ciki.

Hannun ya ƙi motsi, maɓalli ya ƙi dannuwa. In ƙara ƙarfi?

A'a, ina roƙonka. Wannan ce ɓarnar da ta fi damuna, domin a nan ne kyamarar da goge-goge kaɗai take buƙata ke komawa mai karyayyen haƙori. Giyoyin ciki da yawa na tagulla ne, wasu ma na roba, kuma masana'antun sun daina ƙera su tuntuni. Da ka ji hannun ya yi tauri, to ka cire yatsanka.

To me zan duba kafin in kwance komai?

Fara da batir. Canon AE-1 ba ta harbawa sam idan babu batirinta mai bolt 6, kuma mutane da yawa sun ɗauka tasu ta lalace alhali batir ne ya mutu, ko farin gari ya cinye bakin mazauninsa. Ɗan binega a auduga yana cire wannan garin. Olympus OM-2 kuwa, idan batir ya ƙare, madubinta na ɗagawa ya tsaya a sama, sai an juya zoben gudu zuwa B ya sauko. Amma K1000 da OM-1 batirinsu na ma'aunin haske ne kaɗai, don haka idan sun cije kada ka ɗora wa batir laifi.

Sai fim ɗin kansa. Wataƙila ya kai ƙarshe ne, shi ya sa hannun ya tsaya a rabin hanya. Danna ɗan maɓallin da ke ƙasan kyamara, ka naɗe fim ɗin ya koma gwangwaninsa kafin ka buɗe baya. Wani lokaci kuma guntun fim ne ya yage ya shiga hanyar labule.

Na uku shi ne hannun jinkiri, wanda ake ɗanawa domin mai ɗaukar hoto ya ruga ya shiga cikin hoton. Ba a cika amfani da shi ba, shi ya sa maikonsa ke fara bushewa, kuma idan ya tsaya a tsakiya yana riƙe ƙyauren gaba ɗaya. Ana iya lallaɓa shi da ɗan yatsa a hankali har ya kai ƙarshe. Shawarata ga wanda ya sayi tsohuwar kyamara: kada ma ya taɓa wannan hannun kafin a yi mata sabis.

Akwai kyamarorin da ke da nasu sharaɗin?

Akwai, kuma rashin saninsa na jawo asara. A kyamarorin tsohuwar Tarayyar Sobiyet irin su Zorki 4, sai ka ɗana ƙyaure tukuna kafin ka canza gudu, in ba haka ba kana iya lanƙwasa abin da ke ciki. A Hasselblad 500C/M dole jikin kyamara da idonta su kasance a ɗane duka biyun kafin a haɗa su ko a raba su. Minolta X-700 ta 1981 an san ta da mutuwar wata ƙaramar kafasita: fitilun ciki su kama, ka danna, su ɗauke, ƙyaure bai motsa ba. Wannan aikin mai iya sodar ƙananan wayoyi ne, ba matsalar maiko ba ce.

Zan iya ɗiga masa mai?

Man keken ɗinki da WD-40 kada su kusanci cikin kyamara. Ranar farko za ka ga kamar an warke, bayan 'yan makonni man ya malala ya hau gilashi da labule, ya tara ƙura. Ganyayen ƙyaure ma a bushe suke aiki. Ɗigon mai ɗaya ya isa ya manne su da juna.

Abin da masu gyara ke amfani da shi wajen wanke ganyayen shi ne nafta, irin man da ake ɗura wa layita, saboda yana narkar da tsohon maiko ya bushe bai bar komai ba. Ana cire gilashin gaba ko na baya, a jiƙa kan auduga kaɗan, a shafa a hankali ana bin yadda ganyayen suka kwanta, a harba, a sake. Sai dai in gaya maka gaskiya, sau da yawa wannan sauƙi ne na ɗan lokaci, domin daga can ciki maikon ke gangarowa. Kuma a yi shi inda iska ke shiga, nesa da wuta.

Idan na ce zan buɗe da kaina fa?

Ka fara da murfin ƙasa, shi ya fi sauƙi, kuma a kyamarori masu madubi da yawa a nan za ka ga ƙarfen da ya maƙale. Sukurorin kyamarorin Japan ƙirar JIS ne. Sukudireba mai kan gicciye na yau da kullum yana cinye musu kai. Ka ɗauki hoton kowane mataki da waya, ka jera sukurori bisa yadda suka fito, ka yi aiki a kan farin ƙyalle domin ƙaramin sifirin idan ya yi tsalle ba ya ganuwa. Labulen ƙyalle da siraran ganyayen ƙarfe kada yatsa ya taɓa su. Kyamara mai filasha a jikinta kuwa tana da kafasita da ke riƙe wuta wajen bolt 300 ko bayan an cire batir, don haka wanda bai san yadda ake sauke ta ba ya bar ta a rufe.

Yaushe ne sai an kai wa gwani?

Idan labule ya karkace ko zarensa ya tsinke, idan gefe ɗaya na hoto na fitowa da duhu a babban gudu, ko idan sakan ɗaya na ja ya kai uku. Gwani zai kwance ta, ya wanke, ya sa sabon maiko daidai gwargwado, ya canza soson da ke tare haske wanda ya narke ya zama baƙin danƙo, sannan ya auna gudun da na'ura. Kunne ba ya iya bambanta 1/500 da 1/300, fim kuwa yana nunawa.

Bayan an gyara, yaya zan ajiye ta?

Zama ne ke kashe ta. Ko babu fim, ka riƙa harba ta a kowane gudu sau ɗaya a wata. Ka cire batir idan za ta daɗe a ajiye, ka raba ta da tsohuwar jakar fata mai riƙe danshi, domin daga nan fumfuna ke kama gilashi. Mai irin Leica M3, wadda babu madubi tsakanin ido da labule, ya riƙa rufe idon da murfinsa, saboda rana na iya ratsa gilashin ta ƙona labulen ta bar huda.