Allon Kanban a Manhajar Dillalan Rancen Gida

Allon kanban hanya ce ta baje aiki a fuskar kwamfuta ko waya yadda ido zai kama shi a kallo ɗaya. Ana raba allon gida-gida daga sama zuwa ƙasa, kowane gida zango ne da ciniki ke yada wa, kowane mai neman rance kuma yana da katinsa. Idan maganarsa ta ci gaba, sai a ja katin da yatsa ko linzami zuwa zango na gaba. Dillalan da ke shiga tsakanin mai son mallakar gida da banki suna amfani da shi don kada fayil ya kwanta ba a sani ba.

Asali

Kalmar kanban ta Japananci ce, ma'anarta allon sanarwa ko kati. Taiichi Ohno ne ya raya tsarin a masana'antar motoci ta Toyota bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda kati ke bin kaya yana shaida cewa an yi amfani da wani abu, a ƙera madadinsa. A 2004 David Anderson ya gwada dabarar a aikin manhaja a kamfanin Microsoft, sannan Trello, wadda ta fito a 2011, ta kai allon hannun kowa. Manhajojin kula da abokan ciniki, irin su Pipedrive, su ma sun mai da shi fuskarsu ta farko.

Yadda yake aiki a Saudiyya

A Saudiyya rancen gida ya bunƙasa ne bayan dokokin 2012, waɗanda suka ɗora kula da harkar a kan babban bankin ƙasar, SAMA. A 2017 aka ƙaddamar da Sakani, shirin gwamnati na tallafa wa mutane su mallaki gida, kuma Hangen 2030, shirin raya ƙasa na gwamnatin Saudiyya, ya sa burin kashi 70 cikin 100 na iyalan ƙasar su mallaki muhalli. Yawanci cinikin murabaha ne, wato banki ya sayi gidan ya sayar wa mutum da riba sananniya a biya kaɗan-kaɗan, ko ijara, hayar da ke ƙarewa da mallaka. Hausawa 'yan ƙasa na Makka, Madina da Jidda, waɗanda da yawansu ke ɗauke da sunan Hausawi, suna cikin masu bin wannan layi, musamman bayan rusau da aka fara a tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021. Tallafin Sakani na 'yan ƙasa ne, don haka ko mai nema ɗan ƙasa ne ita ce tambayar da ake fara rubuta amsarta a kan kati.

Zangunan ba su da adadi guda, kowane ofis da nasa. Amma galibi ana farawa da tuntuɓa, sai tattara takardu, sai binciken bashi a SIMAH, cibiyar da ke adana tarihin bashin mutane, sai amincewar farko daga banki, sai kimanta gida, sai amincewar ƙarshe da sa hannu, sannan ifragi, wato mayar da takardar mallakar gida (sakki) zuwa sunan mai saye tare da rubuta jingina a kansa. A manhajar da aka saita da Larabci allon daga dama yake tafiya zuwa hagu, abin da kan rikita wanda ya saba da boko a kwanakin farko.

Katin kansa ɗan ƙarami ne: suna, kuɗin da ake nema, bankin da aka tura wa, ma'aikacin da ke riƙe da fayil, da kwanakin da ya yi a zangon da yake. Wannan na ƙarshe ya fi sauran daraja. A ce wani malamin makaranta a Makka ya ga gida, ya ba da kafin alƙalami, wanda a can ake kira arabun, mai gida ya ba shi wa'adi. Katinsa ya kwana tara a zangon takardu saboda shaidar albashi ba ta zo daga wurin aikinsa ba. A jerin sunaye na yau da kullum shi layi ne cikin layuka arba'in. A kan allo kuwa katin ya rine ya koma ja, kuma duk wanda ya shigo ofis da safiyar Lahadi, ranar da mako ke farawa, zai gan shi. Sai a ɗaga waya: "Malam, takardar nan fa ita kaɗai ta rage, ko ka samu ka leƙa ofishinku yau?" Kuɗin da mutum ya yi shekaru yana tarawa ne ke cikin haɗari, ba la'adar dillali kaɗai ba.

Zangon kimantawa ya cancanci a tsaga shi biyu, jiran zuwan mai kimantawa da jiran rahotonsa. Masu wannan aiki suna da lasisin hukumar Taqeem, kuma banki a kan ƙimarsu yake lissafi, ba a kan farashin da aka yi ciniki ba. Tun 2018 ɗan ƙasa mai sayen gidan farko zai iya samun rancen da ya kai kashi 90 cikin 100 na ƙimar. Idan an sallama gida a riyal dubu 800 amma aka kimanta shi dubu 750, giɓin daga aljihun mai saye zai fito, ko a koma teburin ciniki. Nan ne kati ke komawa baya, kuma allo mai kyau yana barin a mayar da shi tare da rubuta dalili. Akwai kuma harajin cinikin gidaje na kashi 5 cikin 100 da aka shigo da shi a Oktoban 2020, wanda gwamnati ke ɗauke wa ɗan ƙasa a gidansa na farko har zuwa riyal miliyan 1 na farashin gidan. Takardar wannan rangwame ma tana bukatar gurbinta a kati.

Iyakance aiki

Ginshiƙin kanban na asali shi ne kada a tara aiki fiye da ƙarfi. Akwai lissafi mai sauƙi da John Little ya tabbatar a 1961: ofishin da ke riƙe da fayil 30 yana kammala 10 a wata, kowane fayil zai ɗauki kimanin wata 3. Ƙara karɓar mutane ba tare da ƙara hannu ba tsawaita jiran kowa yake yi. Dillalai ba su cika son jin wannan ba, domin korar ciniki ba ta da daɗi, sai dai wanda aka karɓi takardunsa aka ajiye ya fi wanda aka gaya wa gaskiya tun farko shan wahala.

Rauninsa

Allo ba ya motsa kansa. Idan ma'aikaci bai ja kati ba, ko ya ja shi gaba don maigida ya ga ana ƙoƙari, abin da ke fuskar kwamfutar ya rabu da abin da ke ƙasa. Haka kuma ciniki ɗaya kan jira abu biyu lokaci guda, banki da mai kimantawa, alhali kati a gida ɗaya yake zama. Shi ya sa ake haɗa masa jerin abubuwan da suka rage a cikinsa. Idan katuna suka kai ɗaruruwa, sai an tace su da sunan banki ko na ma'aikaci kafin a gane komai.

Sai batun sirri. Kati yana ɗauke da albashin mutum da bashin da ake bin sa, a cikin al'ummar da kowa ya san gidan kowa. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumban 2023, kuma manhajoji da dama suna ba da damar a ƙayyade wanda zai buɗe kowane kati. Babban allon da ake rataye wa a bangon ofis, inda baƙi ke zama shan shayi, lambar fayil ya kamata ya nuna maimakon suna.