Waiwaye: Takarar Birtaniya da Jamus a Farisa Lokacin Yaƙi

A ranar 1 ga Nuwamba 1914 gwamnatin Farisa, ƙasar da ake kira Iran a yau, ta shelanta cewa ita 'yar ba-ruwanmu ce a Yaƙin Duniya na Farko da ya ɓarke a Turai. Sarkinta, Ahmad Shah na gidan Kajar, matashi ne da aka yi bikin naɗinsa watanni kaɗan kafin nan, baitulmalinsa ya ƙafe, kuma ba shi da rundunar da za ta tsare masa iyaka. Babu wanda ya saurari sanarwar, domin tun kafin a yi ta sojojin Rasha suna jibge a arewacin ƙasar, jiragen yaƙin Birtaniya kuma suna sintiri a gaɓar tekun kudu.

Duk wanda yake son gane dalilin da ya sa Jamusawa suka samu karɓuwa a wurin Farisawa, sai ya koma shekarar 1907. A watan Agustan wannan shekara Birtaniya da Rasha suka ƙulla yarjejeniyar da ta kasa Farisa uku: arewa ta Rasha, kudu maso gabas ta Birtaniya, tsakiya kuma aka bar ta a matsayin fili tsakaninsu, ba tare da an tuntuɓi masu ƙasar ba. Abin ya fi yi wa 'yan kishin ƙasa ciwo saboda shekara guda kafin nan, lokacin da suke fafutukar kafa majalisa da tsarin mulki, dubban mutane sun fake a harabar ofishin jakadancin Birtaniya a Tehran suna ganin sun samu majiɓinci. A 1911 kuma Rasha ta tilasta korar Morgan Shuster, Ba'amurken da majalisa ta ɗauko don ya gyara harkar kuɗin gwamnati, Birtaniya ba ta hana ba. Sai kuma ga man fetur ya shigo cikin lissafi. An tono shi a Masjid Sulaiman a 1908, aka gina matata a Abadan, kuma a 1914, bisa matsin Winston Churchill wanda yake juya jiragen yaƙi daga kwal zuwa mai, gwamnatin Birtaniya ta sayi kashi 51 cikin 100 na kamfanin da ke haƙo shi.

Jamus kuwa tana nesa, ba ta taɓa ƙwace wa Farisa ko taƙi ɗaya ba, kuma tana yaƙar ƙasashen nan biyu a lokaci guda. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. A ganina wannan shi ne ainihin jarin Jamus a Farisa, ya fi zinariyar da wakilanta suka raba nauyi, ya kuma fi kiran jihadin da Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, ƙawar Jamus a yaƙin, ya yi a Nuwamban 1914 tasiri, domin akasarin Farisawa mabiya Shi'a ne da ba su ɗauki Sarkin Istanbul a matsayin halifansu ba, kuma suna zargin Turkawa da kwaɗayin yankin Azarbaijan. Duk da haka an yi amfani da addini iyakar iko, har aka baza jita-jita a kasuwanni cewa Sarkin Jamus Wilhelm ya musulunta ya yi aikin hajji. Burin Jamus a fili yake: ta tayar wa Birtaniya da hankali a hanyar Indiya, ta tilasta mata janye sojoji daga wasu fagagen daga. A Fabrairun 1915 wasu ƙabilu suka fasa bututun mai a yankin Ahwaz, a shekarar kuma tawagar Oskar von Niedermayer da Werner von Hentig ta ratsa hamadar Farisa ta kai Kabul, sai dai Sarki Habibullah na Afganistan ya riƙe su watanni yana ja musu rai, bai shiga yaƙin ba.

Mutumin da ya fi ba Birtaniya wahala shi ne Wilhelm Wassmuss, wanda ya taɓa zama ƙaramin jakadan Jamus a tashar ruwan Bushehr, ya iya Farisanci, ya kuma san shugabannin ƙabilun yankin ɗaya bayan ɗaya. A farkon 1915 ya sake shigowa ƙasar, wani basarake mai goyon bayan Birtaniya ya kama shi, amma ya sulale ya bar kayansa a baya. Ya samu mafaka a wurin mutanen Tangistan, wani yanki da ke kusa da Bushehr, waɗanda dama suke jin haushin yadda jiragen Birtaniya suka toshe musu cinikin makamai ta teku. Hare-harensu suka sa Birtaniya ta mamaye Bushehr a Agustan 1915, har jami'anta suka bi kan sarkin gidan waya na Farisa suna buga rubutu a kai cewa garin yana ƙarƙashin mamayar Birtaniya, a ƙasar da ba a yaƙi da ita. A watan Satumba aka kashe Ra'is Ali Delwari, jagoran mayaƙan Tangistan, wanda har yau Iran take tunawa da ranar mutuwarsa a matsayin ranar gwagwarmaya da mulkin mallaka. A Nuwamba kuma jandarmomin gwamnati, waɗanda hafsoshin Suwidin suka horar kuma da yawansu suka karkata ga Jamus, suka kama ƙaramin jakadan Birtaniya a Shiraz, Frederick O'Connor, da sauran Turawan Ingila na garin. Aka saki matan, mazan kuwa aka tsare su a wata ganuwa a Ahram har zuwa Agustan 1916. Kafin 1915 ta ƙare, jami'an Birtaniya sun bar Isfahan da wasu manyan garuruwan tsakiya, an kuma wawashe rassa da dama na bankinsu.

A Tehran ma saura ƙiris a juya akalar gwamnati. Jakadan Jamus, Yarima Reuss, ya yi nisa wajen shawo kan manyan ƙasa, sai Rasha ta turo sojoji daga Kazwin suka doshi babban birnin a Nuwamban 1915. 'Yan majalisa da malamai da dama, cikinsu har da Sayyid Hasan Mudarris, suka fice zuwa Kum, daga baya suka kafa gwamnatin wucin gadi a Kermanshah ƙarƙashin Nizamus Saltana. An shirya Sarki zai bi su, amma jakadun Rasha da Birtaniya suka ja masa kunne cewa gadon sarautarsa ne zai salwanta, ya fasa tafiya. Daga nan raunin Jamus ya bayyana, domin makamai da kuɗin da Jamus ta yi alkawari ba su iso yadda ake zato ba, hanyar ta yi nisa kuma tana bi ta hannun Turkawa masu nasu buri. Sojojin Janar Baratov na Rasha suka fatattaki masu hijirar, kuma bayan Bagadaza ta faɗa hannun Birtaniya a Maris 1917 gwamnatin Kermanshah ta watse.

Abin da Farisawa ba su sani ba a lokacin shi ne, tun a Maris 1915 Birtaniya ta amince a asirce Rasha ta ɗauki Istanbul bayan yaƙi, ita kuma a bar mata yankin tsakiyar Farisa. Don tabbatar da ikonta, Janar Percy Sykes ya sauka a Bandar Abbas a Maris 1916 ya kafa runduna ta 'yan ƙasa ƙarƙashin hafsoshin Birtaniya, ya shiga Kerman, ya isa Shiraz a Nuwamba. Rundunar ta buɗe hanyoyi, amma ba ta samu zukatan jama'a ba, shi ya sa da ƙabilar Kashkai ta yi bore a 1918 ƙarƙashin Saulatud Daula, sojojinta da yawa suka gudu ko suka juya wa hafsoshinsu baya.

Talakan Farisa ne ya biya kuɗin wannan takara. Fari ya haɗu da sojojin ƙasashen waje masu saye da ƙwace hatsi da dabbobin sufuri, 'yan kasuwa suka ɓoye abinci, sannan kwalara da annobar murar 1918 suka biyo baya. Masana tarihi da yawa suna ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 2 suka mutu tsakanin 1917 da 1919, a ƙasar da ba ta shiga yaƙin ba. Da aka zo taron sulhu na bayan yaƙi a birnin Paris na Faransa, Birtaniya ta hana a saurari tawagar Farisa, a maimakon haka Lord Curzon na Birtaniya ya ƙulla yarjejeniyar 1919 da Firayim Minista Wusuƙud Daula, wadda za ta sa kuɗi da sojan ƙasar ƙarƙashin masu ba da shawara na Birtaniya. Jama'a suka ƙi ta, musamman da aka ji an ba ministoci toshiyar baki, kuma ba a taɓa zartar da ita ba. Shi kuwa Wassmuss ya dawo Tangistan a 1924 ya kafa gona don ya biya shugabannin ƙabilu bashin da ya ci da sunan Jamus, gonar ta gaza, ya mutu a Jamus a 1931 cikin talauci.

Riza Shah, wanda ya hau gadon sarauta a 1925, ya sake komawa ga lissafin nan na neman ƙasa ta uku da za ta rage nauyin Landan da Mosko. Injiniyoyi da kamfanonin Jamus suka cika ƙasar, har Jamus ta zama babbar abokiyar cinikinta gab da 1941. Da Hitler ya auka wa Tarayyar Sobiyat a watan Yunin wannan shekara, Birtaniya da Sobiyat suka buƙaci a kori Jamusawan, suna kuma son layin dogon Iran don kai wa Rasha kayan yaƙi. Iran ta riga ta shelanta cewa ba ruwanta da wannan yaƙin ma, amma a ranar 25 ga Agusta 1941 sojojin ƙasashen biyu suka shigo ta kudu da arewa. A ranar 16 ga Satumba Riza Shah ya sauka ya bar wa ɗansa Muhammad Riza sarauta, Birtaniya ta ɗauke shi zuwa tsibirin Morishus, daga can zuwa Johannesburg, inda ya rasu a 1944.