Ba rashin haihuwa kaɗai ya mayar da ƙauyukan Japan kufai ba

An daɗe ana cewa ƙauyukan Japan sun koma na tsofaffi ne saboda mutanen karkara sun daina haihuwa. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan magana ba. A 2023 matsakaicin yawan 'ya'yan da mace ke haifa a rayuwarta a Tokyo 0.99 ne, mafi ƙanƙanta a duk ƙasar. Lardin Shimane da ke karkara ya fi Tokyo haihuwa nesa ba kusa ba, amma fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanensa sun kai shekara 65, alhali a Tokyo ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Ƙaura ce ta jawo haka. Da yaro ya gama sakandare sai ya nufi birni neman jami'a ko aiki, galibi ba ya komawa. Karkara ta yi wahalar reno, birni ya kwashi amfanin. A can kuma tsadar gida da dogon lokacin aiki kan jinkirta aure, haihuwa ta ƙara raguwa. Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin da aka bari: makaranta ta rufe, motar haya ta daina zuwa, asibiti ya yi nisa. A 2023 gidaje kusan miliyan 9 ne ba kowa a cikinsu a Japan.