Mece ce ƙirƙira a harkar kasuwanci?

A wajen masana kasuwanci, ƙirƙira ita ce sabuwar dabarar da kamfani ya sa a aiki har ta taɓa cinikinsa. Abin da aka gano a ɗakin bincike, in bai fito kasuwa ba, da sauransa.

Ƙirƙira iri-iri ce. Wadda ido ya fi gani ita ce ta sabuwar haja, irin iPhone da Apple ya fitar a 2007. Akwai kuma ta yadda ake sarrafa kaya. A 1913 kamfanin Ford na Amurka ya tsara layin da mota ke zuwa gaban ma'aikaci yana tsaye wuri guda, lokacin haɗa ta ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kamar awa ɗaya da rabi, farashi kuwa ya karye.

Ni dai wadda na ga an fi rainawa ita ce ta hanyar sayarwa. Da madarar Cowbell ta shigo Najeriya a 1993, ai madarar gari ba baƙuwa ba ce. Zuba ta a 'yan ƙananan leda shi ne sabon abu: wanda bai da kuɗin gwangwani ya sayi ta shayin safiya ɗaya a wajen mai tireda. Yau sabulun gari da tumatir duk haka ake ƙulla su. Wata ƙirƙirar kuma kan sauya fasalin sana'ar dungurungum, kamar M-Pesa da Safaricom ya ɓullo da ita a Kenya a 2007, kamfanin waya ya koma mai aika kuɗi.

Wajen tsarawa, kamfani kan fara da duba buƙatar da masu saye ba su samu ba, ya gwada dabarar a ƙaramin wuri, in ta karɓu ya faɗaɗa. An san Google da wani kasafi: kashi 70 na ƙarfinsa kan ainihin sana'a, 20 kan makusanciyarta, 10 kan gwajin da ba tabbas.

Wuyar ita ce idan sabon abu zai cinye ribar tsohon. Injiniyan kamfanin kayan hoto na Kodak, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital a 1975, amma abincin kamfanin a fim ɗin ɗaukar hoto yake, sai ya yi ta jan ƙafa. A 2012 kamfanin ya je kotu neman kariya daga masu bin sa bashi.