Waiwaye: Wa ke da ƙungiyar agaji a Najeriya?

Tun da aka sa hannu kan sabuwar dokar kamfanoni ta CAMA a watan Agustan 2020, ƙura ba ta lafa ba kan sashe na 839. Shi ne ya ba Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, damar dakatar da amintattun ƙungiyar agaji ko ta addini, wato masu riƙe mata dukiya bisa amana, a naɗa masu riƙon ƙwarya idan an samu almundahana. Majami'u suka yi ca, ƙungiyoyin farar hula suka ce an taɓa 'yancinsu, a 2023 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke sashen. Mai sauraro sai ya ɗauka abin daga sama ya faɗo.

Tushen ya daɗe. Dokar da ake yi wa ƙungiyoyi rajista da ita a da, ta 1924 a zamanin Turawa, damuwarta fili ce: sunan wa za a rubuta a takardar filin coci, masallaci ko makaranta, don kada ya shiga rabon gado idan mai riƙe da shi ya rasu.

Shekarar da ake yawan tsallakewa ita ce 1990. A lokacin ne aka kafa CAC, aka ɗauke rajistar ƙungiyoyi daga waccan dokar fili aka shigar da ita cikin dokar kamfanoni. Ka'idojin ba su da tsauri: a kawo kundin tsarin mulki da sunayen amintattu, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Amma dokar ta faɗi magana mai nauyi. Dukiyar ƙungiya ba ta wanda ya kafa ta ba ce, ba a raba kuɗinta ga mambobi, ko rushewa ta yi, abin da ya rage wata ƙungiya mai irin manufarta za a miƙa wa.

Wannan magana ba ta shiga zukatanmu ba, kuma abin yana damuna. Mun ci gaba da cewa “gidauniyar Alhaji wane”. Sau da yawa amintattun su ne matarsa, ƙaninsa da amininsa, wasunsu ba su taɓa ganin littafin kuɗi ba. Satifiket na rataye a bango, rahoton shekara-shekara kuwa an manta da shi. Mai ba da sadaka ma yana jin nauyin tambayar inda kuɗinsa suka shiga, kada a ce ya ɓata ladarsa.

Shekara 30 aka yi a haka kafin sashe na 839 ya zo, ya tarar da masu gidauniyoyi da dama ba su ma san cewa tun 1990 amana kawai suke riƙe da ita ba.