Halwar 'ya'yan furen kallon rana

Halwar 'ya'yan furen kallon rana wani nau'in kayan zaƙi ne da ake yi da niƙaƙƙun 'ya'yan wannan fure haɗe da dafaffen sukari. Ita ce halwar da aka fi ci a Rasha, Yukren, Moldoba, Romaniya da Bulgeriya. A Turkiyya da ƙasashen Larabawa da riɗi ake yin halwa, amma a gabashin Turai riɗi ba ya yi sosai, furen kallon rana kuwa gonakinsa sun cika ƙasar, sai masu sana'ar suka koma gare shi. Launinta toka-toka ne, wani lokaci da ɗan kore-kore a ciki, tana marmashewa a hannu, tana kuma narkewa a baki da maiƙo.

Asali

Tsiron daga Arewacin Amurka ya fito, mutanen Sifaniya ne suka kawo shi Turai a ƙarni na 16. Ya daɗe ana shuka shi don ado kafin a 1829 wani manomi mai suna Daniil Bokarev, a ƙauyen Alekseyevka na kudancin Rasha, ya fara tatsar mai daga 'ya'yansa. Man ya samu karɓuwa da sauri saboda Cocin Otodoks bai hana shi a lokacin azumi ba, alhali nama da madara da man shanu an hana. Halwar ma ta ci wannan gajiya: babu abin dabba a cikinta, don haka har yau tana cikin kayan zaƙin da masu azumin cocin ke ci da shayi. A yau Rasha da Yukren su ne kan gaba a duniya wajen noman wannan fure.

Yadda ake haɗa ta

Ana ɓare 'ya'yan, a soya su sama-sama, a niƙa har su zama ƙulli mai laushi da mai. A gefe guda kuma ana dafa sukari tare da wani ruwan zaƙi mai kauri da ake samu daga sitaci. Idan ya yi kauri sai a zuba masa ruwan saiwar wani tsiro mai suna Saponaria, ko saiwar likoris, a yi ta bugawa har ya yi kumfa ya yi fari. Daga nan ake cuɗa shi da ƙullin. Sukarin yakan miƙe ya zama siraran zare, ƙullin ya shiga tsakaninsu, abin da ke ba halwa hawa-hawan da aka san ta da shi. A mafi yawan haɗi ƙullin ya ɗan fi rabi, sauran sukari ne. Duk lissafin amfaninta a jiki yana rataye ne a kan wannan rabo. Launin tokar kuwa daga ragowar ɓawo ne da wani sinadari na cikin ƙwayar mai suna kulorojenik asid.

Yawan kalori

Jadawalin abinci da aka daɗe ana amfani da shi a Rasha ya nuna cewa giram 100 na wannan halwa na ɗauke da kalori kusan 520, furotin giram 11.6, mai giram 29.7, sukari da sitaci giram 54. Abin da ke rubuce a jikin fakiti yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, galibi tsakanin kalori 500 da 560. Wadda aka lulluɓe da cakulan ko aka ƙara wa gyaɗa takan haura.

Kowane giram na mai yana ba da kalori 9, na sukari da na furotin kuma 4 kowanne. Idan aka lissafa, mai shi kaɗai ya kawo kusan rabin kalorin halwar, sukari ya kawo kusan kashi 40 cikin ɗari, ɗan abin da ya rage na furotin ne. Shi ya sa ta fi tsurar sukari kalori, domin sukari bai kai 400 a giram 100 ba. Da cakulan mai madara take kafaɗa da kafaɗa. Ga baligin da ke buƙatar kalori 2,000 a yini, giram 100 ya cinye masa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma giram 100 na halwa ba wani abu ba ne a ido, don tana da nauyi. Yanki mai giram 30, wanda ya isa a sha shayi da shi, yana da kalori kusan 155.

Abin da jiki ke samu

Duk alherin da ke cikin halwa daga ƙwayar ya zo. Giram 100 na ɓararrun 'ya'yan furen na da kalori kusan 584, furotin giram 21, mai giram 51, da bitamin E kimanin miligiram 35, wanda ya ninka abin da baligi ke buƙata a yini. Suna kuma da magnesiyom fiye da miligiram 300, da fosforas, jan ƙarfe, seleniyom da bitamin B1. Tun da ƙwayar ta ɗan wuce rabin haɗin, halwa na gadon kusan rabin waɗannan, ban da ɗan abin da zafin suya ya rage.

Man da ke ciki ba irin kitsen dabba ba ne. Mafi yawansa linoleyik asid ne, wanda jiki ba ya iya ƙerawa da kansa, sai a abinci yake samu, kuma babu kolestarol a ciki. Furotin ɗin yana da kyau amma bai cika ba, yana da ƙarancin laisin, ɗaya daga cikin sinadaran da ke haɗa furotin, wanda wake da madara ke cikewa.

Saboda haka bai dace a jera halwa da alewar da ba ta da komai sai sukari da kala ba. Amma masu tallata ta a matsayin abincin gina lafiya su ma sun wuce gona da iri. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, wato kusan giram 50 ga mai cin kalori 2,000. Giram 100 na halwa ya kusa cike wannan ma'auni shi kaɗai. Wanda bitamin E da magnesiyom yake nema, ya ci ƙwayar tsurarta ya fi masa. Ga mai aikin ƙarfi a cikin sanyi, ko matafiyin da ke son guzuri marar girma mai riƙe ciki, yawan kalorin nan shi ne amfaninta.

Masu ciwon sukari da masu ƙoƙarin rage ƙiba su ne suka fi buƙatar taka tsantsan. Ana sayar da wadda aka yi da furuktos, wato irin sukarin da ke cikin 'ya'yan itace, a madadin sukari, sai dai kalorinta kusan ɗaya ne da na asalin. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya karɓar 'ya'yan furen, ga shi masana'antu da yawa suna sarrafa gyaɗa da riɗi a wuri guda. Wani abin lura shi ne tsiron yana tsotsar kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, daga ƙasa fiye da yawancin amfanin gona, ya tara shi a ƙwaya, don haka hukumomi ke sa iyaka a kan yawansa a kayan da ake sayarwa. A Rasha ƙa'idar da ke kula da ingancin halwa ita ce GOST 6502-2014.

Ajiya da danginta

Man linoleyik yana saurin lalacewa idan ya haɗu da iska, haske ko zafi. Halwar da ta tsufa takan yi duhu, mai ya tsattsafo a samanta, ɗanɗanonta ya koma ɗaci. Ana ajiye ta a rufe, a wuri busasshe mai sanyi.

Tana da 'yar uwa da ake kira kozinaki, wadda ake yi da ƙwayar ba tare da an niƙa ba, a daskarar da ita cikin dafaffen sukari, kamar dai kantun riɗi. Sunan daga gozinaki na ƙasar Jojiya ya samo asali, wanda ake yi da zuma da ƙwayar walnat a bikin sabuwar shekara. Kalorin kozinaki ma yakan kai 500 ko fiye a giram 100.